Tafiyar Ƙafa Takin Ƙwaƙwalwa Ce



Babban jarin ɗan kasuwa yana cikin kansa. Da ƙwaƙwalwa kuke riƙe farashin kwano, da canjin naira da sefa, da sunan wanda ya ci bashi. Wannan jari kuwa yakan ragu idan shekaru suka ja, musamman ga mai wuni zaune a rumfa.

Ƙwaƙwalwa cike take da ƙwayoyin jijiya masu miƙa wa juna saƙo. Tana samar da wani sinadari da masana ke kira BDNF, wanda aka gano a Jamus a 1982. Aikinsa kamar na taki ne a gona: yana raya ƙwayoyin, ya sa su yi rassa, su ƙara sarƙewa da juna. Idan kuka motsa jiki, zuciya takan ƙara tura jini zuwa kai, tsokoki kuma su saki wasu sinadarai cikin jini, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara samar da wannan taki.

An fara ganin haka a jikin ɓeraye a Jami'ar Kalifoniya a 1995. A 2011 kuma masu bincike a Amurka suka bayyana sakamakon gwaji a kan dattawa 120. Rabinsu sun shekara suna tafiyar ƙafa ta kimanin minti 40, sau uku a mako. Sashen ƙwaƙwalwarsu mai adana sabon abin da aka koya ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari. Na sauran, waɗanda miƙe gaɓoɓi kawai suka yi, raguwa ya yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa a kwana biyar. Idan gida ba nisa, ku bar acaba ku taka, da sassafe ko bayan la'asar. Ku ɗaga ƙafa har numfashi ya ƙaru, amma kuna iya magana. Iyaye mata, daka da ɗibar ruwa ma suna cikin lissafi. Matasa, ku riƙa raka kakanninku zagaya unguwa.

Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya ya fara tuntuɓar ma'aikacin lafiya, kada kuma ya daina shan maganinsa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take, a kai shi asibiti.

Gobe da safe ku fara, ko da minti goma ne.