Daga Dushanbe zuwa Duwatsun Pamir: Jawabin da Aka Gabatar a Zauren Ƙungiyar Ɗalibai



An nemi in ba ku labarin tafiyar da na yi a ƙasar Tajikistan. Kafin in tashi, abin da na sani game da wannan yanki bai wuce sunan Imamu Buhari ba, wanda malamanmu ke karanta littafinsa a zaurukan Kano da Zariya. To, Buhara da Samarkand garuruwa ne da ake jin harshen Tajikanci a cikinsu, amma da hukumar Sobiyet ta shata iyakoki a 1924 sai suka faɗa cikin Uzbekistan. Tajikawa suka tashi da duwatsu, domin kashi 93 cikin ɗari na ƙasarsu tsaunuka ne.

Babban birninsu Dushanbe, ma'anar sunan kuwa Litinin, saboda ranar da kasuwar ƙauyen ke ci a dā. Daga 1929 zuwa 1961 Stalinabad ake kiransa. Ban daɗe a can ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne allunan tituna. Harshensu ɗan'uwan Farisanci ne, kuma da haruffan Larabci kakanninsu suke rubuta shi. Aka sauya musu zuwa haruffan Latin a ƙarshen shekarun 1920, sannan zuwa na Rasha a 1940. Wani saurayi ya nuna mini littafin kakansa, ya ce ba ya iya karanta ko layi ɗaya. Na yi shiru, don na tuna takardun ajami da ke cikin adakar mahaifina.

Daga nan muka kama hanyar gabas. Kwana biyu muna bin gaɓar kogin Panj, dutse a hagu, ruwa a dama, ƙasar Afganistan tana tsallake, kusa ƙwarai har muna hango mata suna shanya. Muka isa Horog, hedikwatar lardin Badahshan. Mutanen nan Isma'iliyawa ne, mabiya Aga Khan, kuma a gida harsunansu suke yi, irin su Shugni da Wahi. Lokacin yaƙin basasar da aka yi daga 1992 zuwa 1997 hanya ta toshe, yunwa ta yi musu zobe, abincin agaji na gidauniyar Aga Khan ne ya tsare rayuka da dama.

A wani ƙauye aka saukar da mu. Ɗakin baƙi yana da ginshiƙai biyar, suka ce suna wakiltar Annabi (SAW) da Aliyu da Fatima da Hassan da Husaini, haske kuma ta wata taga a tsakiyar rufi yake shigowa. Aka kawo shayi da madara da gishiri da man shanu, ana tsoma gurasa a ciki. Gaskiya da ƙyar na haɗiye kofin farko, amma da sanyin asuba ya sauko ni da kaina na roƙi ƙari.

Sai dai abin da na lura, ƙauyen ba samari. Tsofaffi ne da mata da yara. Maza sun tafi ci-rani Rasha, suna aikin gini da dako, kuma a wasu shekaru kuɗin da suke aikowa yana kaiwa kusan rabin arzikin da ƙasar ke samarwa. Mai masaukina yana da 'ya'ya uku a Mosko, gonarsa kuwa ba ta fi filin wannan zaure ba.

Ku da za ku riƙe ofisoshin gwamnati gobe, ga wani abu. A 1970 hukuma ta kwashe mutanen kwarin Yagnob, har da jirage masu saukar ungulu, ta kai su filayen auduga na Zafarabad. Mutanen tsauni ne, ba su saba da zafi ba, da yawa suka mutu. Harshensu shi ne ragowar harshen Sogdiyawa, fataken hanyar siliki. Wasu sun koma daga baya suka tarar da gidaje sun zube. A takarda, shirin raya ƙasa ne, kuma wani ma'aikaci ne ya sa masa hannu.

Shugaba, na ga lokaci ya ƙure. Labarin Hujand da kasuwarta ta Panjshanbe sai wani zaman.