Mai Kunya a Kan Buzun Karantarwa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. 

Tambayar yau ta zo daga wani matashi wanda malaminsa ya umurce shi da ya fara biya wa yara karatu. Ya ce shi mutum ne mai kunya: da zarar idanu sun yi masa caa, sai murya ta shaƙe, gumi ya karyo. Har mutanen gida sun ce ya nemi wata sana'a, wai karantarwa sai mai baki. Ana faɗa wa ƴanmata da yawa irin wannan magana in sun nuna sha'awar koyarwa a lakwal ko a Islamiyya, kuma da ita ake raba mu da malamai na ƙwarai.

Ɗana, zauna ka karantar. Babu malamin da ya kai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ga shi kuwa Abu Sa'idil Khudri ya siffanta shi da kunyar da ta zarce ta budurwa a ɗakinta. Ranar walimar aurensa da Zainab bint Jahsh, wasu baƙi suka zauna suna ta hira bayan an gama cin abinci. Ya ji nauyin ya ce su tashi, sai shi ya riƙa fita yana dawowa, kuma a kan haka aya ta 53 ta Suratul Ahzab ta sauka. Wanda ya ji nauyin sallamar baƙi ƴan kaɗan, shi ne ya tsaya a Arfa gaban dubban mutane ya isar da saƙo cikakke.

Yawan magana ma ba sharaɗi ba ne. Imamu Malik a majalisinsa na Madina yawanci almajiri ne ke karantawa, shi yana saurare yana gyara. Haka muke yi a zaurukanmu har yau: ɗalibi ya ja baƙi, malam ya fassara. Wanda ya yi muɗala'a da dare, ya san abin da zai faɗa da safe, rabin tsoronsa ya tafi tun kafin ya shimfiɗa buzu.

Amma akwai wurin da kunya take cutar da malami, kuma nan nake so a buɗe kunne. Ana karatun Ahalari ko Iziyya ko Risala, a zo kan haila da janaba da abin da ke wajabta wanka, sai malam ya yi gyaran murya, ya ja baƙin da sauri ba fassara, ko ya ce in sun girma sun gane. To sun riga sun girma. Yarinya ta balaga ba ta san ranar da za ta ajiye azumi da ranar da za ta ɗauka ba. Saurayi ya yi mafarki da rana a cikin Ramadan, ya ɗauka azuminsa ya karye, ya je ya sha ruwa, alhali azumin yana nan, wanka kawai ya hau kansa. Alhakin wannan ruwan da ya sha, malamin da ya tsallake babin yana da kaso a ciki.

Dubi yadda Annabi ya yi. Wata mata ta tambaye shi yadda ake wankan tsarki bayan haila. Ya yi mata bayani, ba ta gane ba, ta sake tambaya. Ya ji kunya har ya kawar da fuskarsa, sai Nana A'isha ta jawo ta gefe ta fayyace mata. Kunyar tana nan, amma matar ba ta koma gida da jahilcinta ba. Shi ma Sayyidina Aliyu ya ji nauyin tambayar hukuncin maziyyi da bakinsa saboda yana auren ɗiyar Annabi, sai ya aiki Miƙdad ɗan Aswad ya tambayo masa. Saboda haka in bakinka ya yi nauyi, ka nemi malama ta zauna da mata, ko ka ba ɗalibai dama su rubuto tambaya a takarda ba suna. In kuwa babu kowa sai kai, ka sunkuyar da kai ka kalli littafi, ka faɗi hukuncin da lafazin da malamai suka faɗe shi.

Akwai kuma wata baiwa da mai kunya yake da ita. Wata rana Annabi ya tambayi sahabbai wace itaciya ce misalinta kamar Musulmi. Abdullahi ɗan Umar ya san dabino ce, amma ya ga shi ne ƙarami a cikin manya, sai ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar ya nuna ya so ƙwarai a ce ya faɗa. A kowane aji akwai irin wannan yaro a can baya, amsa tana bakinsa ya kasa ɗaga hannu. Malami mai kaifin baki yakan wuce shi bai lura ba. Kai da ka san zafin abin, kana iya kiran sunansa a hankali, ka jira shi har ya furta.

Gobe, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki wannan babin da ake tsallakewa: hukuncin matar da ta ga tsarki kafin alfijir da wadda ta gan shi bayan rana ta ɗaga. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.