Dafa Ƙwai a Gida, da Wanda Ya Kamata Ya Ci

(Lacca ga ajin manya na unguwar Jakara, cikin birnin Kano)

  

Maganar da na zo da ita yau ta dafa ƙwai ce. Na san wani zai ce a ransa, "Ashe har dafa ƙwai sai an tara mutane an koya musu?" To, ku yi haƙuri ku saurara. Akwai gidaje da yawa cikin garin nan inda kaza take yin ƙwai a akurki, yaron gidan kuwa yana zaune a tsakar gida ya rame, bai taɓa sa ƙwan nan a baka ba. Akwai kuma gidajen da ake cin ƙwan, amma a ci shi ta hanyar da zai kawo ciwon ciki da gudawa. Waɗannan abubuwa biyu su suka kawo ni.

Abin da ke cikin ƙwai

Ku dubi kaza. Takan kwanta a kan ƙwai kwana 21, ba ta ƙara masa kome a ciki, sai ga ɗan tsako ya fito da ƙashinsa, da namansa, da jininsa. Daga ina ya samo su? Daga abin da Allah ya ajiye cikin ɓawon nan. Don haka ne likitoci suka sa ƙwai cikin abinci mai gina jiki, tare da nama da kifi da madara da wake.

Tuwo da kunu da fura suna ba mutum ƙarfin aiki, kamar yadda itace ke ba murhu wuta. Amma jikin yaro gini ne da ba a gama ba, tubali yake so. Ƙwan kaza ɗaya, nauyinsa wajen giram 50 ne, cikinsa kuwa akwai wajen giram 6 na wannan tubalin. Cikin gwaiduwa kuma akwai abin da ake kira bitamin A, mai taimakon ido, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Akwai kuma sinadarin ƙarfe, wanda jini ke bukata.

Wasu suna fasa ɗanyen ƙwai cikin madara ko lemon kwalba su sha, wai don ƙarin jini. Wannan asara ce. An auna an gani, in ƙwai ɗanye ne, wajen rabin abin gina jikin da ke cikinsa kaɗai hanji ke iya ɗauka. In dafaffe ne, yakan ɗauki kashi 9 cikin 10. Ban da wannan, ɗanyen ƙwai yakan ɗauko wata ƙwayar cuta da likitoci ke kira salmonela, mai kawo zazzaɓi da amai da gudawa. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin ta. Wuta ce maganinta.

Yadda za a gane ƙwai mai kyau

Mu mutanen Jakara ba a koya mana ciniki. Kasuwar Kurmi tana bakin ƙofarmu tun zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Duk da haka ƙwai yakan cuci mai wayo, domin a rufe yake. Ga yadda za a gwada shi.

Ka cika ƙwarya da ruwa mai tsabta, ka sa ƙwan ciki a hankali. In ya nutse ya kwanta a gefensa, sabo ne. In ya nutse amma ya miƙe tsaye, ya kwana biyu, sai a dafa shi yau, kada a ƙara ajiye shi. In ya taso kan ruwa, ya tsufa ƙwarai, a rabu da shi. Dalili kuwa shi ne, ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi dubbai waɗanda ido ba ya gani. Kullum ruwan cikinsa yana fita ta nan kaɗan kaɗan, iska tana shiga. Yawan kwanansa, yawan iskarsa, har ya zama ba ya nutsewa.

Kada ka sayi ƙwan da ya tsage, ko da an rage maka kuɗi. Ta tsagar nan cuta ke shiga. Wanda ka kaɗa ka ji yana motsi kamar ruwa a gora, ko ka ji yana wari, baragurbi ne.

Da damina ƙwan zabi yakan cika kasuwa, gama lokacin ne zabi suka fi yin ƙwai. Ya fi na kaza ƙanƙanta, ɓawonsa kuma ya fi tauri, amma amfaninsa ga jiki iri ɗaya ne. Kada a raina shi.

In ka kawo ƙwai gida ba yau za a dafa ba, kada a wanke shi. Akwai wani ɗan shafi a bayan ɓawo wanda ke toshe ƙofofin nan, ruwa kuwa yana cire shi. In da kashin kaza a jiki, a goge da busasshen tsumma, a ajiye a inuwa, wuri mai sanyi, kamar gindin randa. Wanda ya taɓa ɗanyen ƙwai ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci.

Yadda za a dafa

Na farko, ruwa. Kowa a nan ya san abin da Jakara ke kwashewa: ruwan kwatami na unguwanni, da shara, da ƙazantar gari. Rijiyar da ke kusa da ita, ko kusa da masai, ba abin amincewa ba ce, ko da ruwanta ya yi gar a ido. A yi amfani da ruwan da gidan ke sha.

Na biyu, a jera ƙwan a gindin tukunya, kada a ɗora wani kan wani. A zuba ruwan sanyi har ya rufe su, ya haura da kamar gaɓar yatsa ɗaya. In an jefa ƙwai cikin tukunya da ƙarfi, zai tsage, farin ya zubo. A sa shi da ludayi.

Na uku, a ɗora a wuta. Da ruwa ya tafasa sai a janye itace kaɗan, ko a rage risho, don tafasar ta yi sauƙi. In ruwa yana tsalle da ƙarfi, ƙwan zai riƙa karo da juna yana fashewa.

Na huɗu, lokaci. Daga sa'ad da ruwa ya tafasa ake fara ƙirga, ba daga sa'ad da aka ɗora tukunya ba. Ƙwan kaza minti 10, ƙwan zabi minti 8. A nan karatunku zai yi muku rana. Ku dubi doguwar sandar agogo. Daga lamba zuwa lamba minti 5 ne. In ruwa ya tafasa tana kan 2, a sauke in ta kai kan 4. Mai agogon waya kuma, in ya ga 6:15, ya sauke a 6:25.

Na biyar, da an sauke sai a tsiyaye ruwan zafin, a zuba na sanyi. Wannan yana tsai da dahuwa, yana kuma sa ɓawo ya fita da sauƙi. Amma ku lura da kyau, wannan ruwan sanyi ba ya hawa wuta. Ƙwai kuwa yayin da yake hucewa yakan zuƙi abin da ke kewaye da shi ta ƙofofin nan. In ruwan ƙazanta aka zuba, an ɓata aikin da wuta ta yi. Lalle ne ya zama ruwan sha mai tsabta.

In an ɓare an raba, farin ya zama ya daskare, gwaiduwar ma ta daskare har tsakiya. In tana malala, bai dahu ba, kada a ba yaro, ko mai ciki, ko tsoho, ko majinyaci. In kuwa aka ga launin kore kore ya kewaye gwaiduwa, ya daɗe a wuta ne kawai. Ba guba ba ne, ana ci, sai dai an yi asarar itace. In sabon ƙwai ya ƙi ɓaruwa, ɓawo ya manne, wannan ma ba laifi ba ne, halin sabon ƙwai ke nan.

In dafaffe ya gauraya da ɗanye, a juya shi kan faranti kamar katantanwa. Dafaffe zai yi ta juyawa da sauri. Ɗanye zai yi layi ya tsaya.

Da murar tsuntsaye ta shigo ƙasar nan a 2006, ta kashe kaji a Kaduna da Kano, mutane da yawa suka guji ƙwai. Abin da ya kamata a guda shi ne kazar da ba ta da lafiya, da mushen kaza, da ƙwansu. Ƙwan lafiyayyar kaza da ya dahu har tsakiya ba abin tsoro ba ne.

Ajiye dafaffen ƙwai

Mutane suna tsammani dafaffen ƙwai ya fi ɗanye jimrewa. Ba haka ba ne. Tafasa ta wanke shafin nan da ke tsare shi. Kun san zafin Kano da bazara, wani lokaci har awon zafi ya kai 40. A irin wannan zafi, ƙwan da aka dafa a ci shi nan da nan, kada ya wuce awa ɗaya ko biyu a waje. Mai firiji, in wuta ba ta yanke masa, yana iya ajiye shi da ɓawonsa har kwana 7. Wanda ba shi da shi ya dafa daidai bakin da za su ci. Masu dafawa don talla kuma su dafa kaɗan kaɗan, kada a haɗa kwantan jiya da na yau a tire ɗaya. Wanda ya saya ɗan wani ne.

Wa zai ci?

Yanzu na zo kan babbar magana. A wasu gidaje ana cewa in an ba yaro ƙwai zai tashi ɓarawo. A wasu kuma ana hana mai ciki. Iyayena dattawa, ku gafarce ni. Magabata suna da dalilinsu, domin ƙwai shi ne kazar gobe, shi ne kuma kuɗin cefanen uwargida, ba su son yaro ya saba da leƙa akurki. Amma ƙwai ba ya sa hannu ya yi tsawo. Yaron da aka ba shi rabonsa a fili, a gaban kowa, me zai kai shi akurki a ɓoye?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6. Daga nan sai a fara ba shi abinci, ana ci gaba da nono, kuma kullum ya samu ɗan nama, ko kifi, ko ƙwai. A ƙasar Ekwado, can Kudancin Amurka, an yi gwaji a 2015. Aka ɗauki jarirai 'yan wata 6 zuwa 9, aka riƙa ba wasunsu ƙwai ɗaya kullum har wata 6. Da aka auna, tsumburewa ta ragu kusan da rabi cikin masu cin ƙwan. Da aka sake irin gwajin a Malawi, ba a ga bambancin tsawo ba. Masu binciken suka ce watakila don yaran can da ma suna samun kifi ne. Watau ƙwai ya fi yin rana a gidan da yaro ba ya samun kome sai kunu da tuwo. Irin gidajen nan kuwa, inda tamowa ke kama yara, ba sai mun je nesa ba mu same su.

In za a ba jariri, a murƙushe ƙwan da cokali ya yi laushi, a dama da ɗan kunu, don kada ya shaƙe shi. Kada a sa masa yaji ko gishiri. A fara da kaɗan. Akwai yaran da jikinsu ba ya karɓar ƙwai, ba su da yawa. In an ga ƙuraje sun feso, ko fuska ta kumbura, a daina, a kai shi asibiti. In numfashi ya yi masa wuya, a garzaya, kada a jira gari ya waye. Mai ciki da mai goyo kuwa abincin mutum biyu suke nema. Mata masu zuwa awo asibitin haihuwa na Sabo Bakin Zuwo da ke nan Jakara su tambayi ma'aikatan, su ji da kunnensu.

Ku magidanta, da ku nake. Mu kan tsaya wurin mai shayi da safe a soya mana ƙwai biyu, mu share baki mu tafi kasuwa. Wannan ba laifi ba ne. Amma jikinmu ya gama ginuwa, na yaro yanzu ake aza harsashinsa. Daga cikin biyun nan, a kai ɗaya gida. In kaza ta yi ƙwai goma, a bar mata na ƙyanƙyasa, a sayar da wasu, a dafa wa yara sauran. Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. To, bakin yaro ya fi cancanta.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa mutanen gidansa wannan takarda yau da dare, ya kuma nuna wa uwargida lambobin agogo. Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya. Wassalam.