Tambarin makaranta: wa ke da ikon zaɓe?



Malamai, ƴan kasuwa da ma'aikata, maganar da zan kawo muku ta shafi laƙabi da tambarin da makaranta ke ɗauka don a san ta da su a filin wasa. Kamar yadda ƙungiyar ƙwallonmu ta ƙasa ke amsa sunan Mena, ta Kamaru kuma Zakuna, haka kowace jami'a a Amurka take da nata. Wani zai ce wasan yara ne. To, a jahar Dakota ta Arewa wannan magana ta kai gaban alƙali, ta shiga majalisar dokoki, har ta fito da talakawa ƙuri'ar raba gardama.

A 1930 ƴan wasan jami'ar jahar, da ke birnin Grand Forks, suka fara amsa sunan "Siyu", wanda daga baya ya zama "Mayaƙan Siyu". Siyu wata al'umma ce ta ƴan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar kuma suka ƙwace musu filaye. Wasu daga cikinsu na ganin sunan girmamawa ne, wasu kuwa na cewa an maida su abin wasa, magoya bayan abokan karawa na zagin kakanninsu a duk lokacin da aka haɗu.

Mai kuɗi ne ya fara sa hannu. Wani attajiri, Ralph Engelstad, tsohon ɗalibin makarantar, ya ɗauki nauyin gina mata zauren wasa na dalar Amurka miliyon 100 da wani abu. A ƙarshen 2000 ya yi barazanar tsayar da ginin in aka taɓa sunan. Hukumar ilimi mai zurfi ta jahar ta bar sunan yadda yake, aka buɗe zauren a 2001 da dubban tambura a jikinsa.

Amma gardama ba ta mutu ba. A 2005 NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, ta lissafa makarantu 18 masu amfani da sunaye ko siffofin ƴan asalin ƙasa ta hanyar da ta ga cin mutunci ce, ta sa musu takunkumi a gasanninta. Jami'ar jahar Florida ta fita daga jerin nan take, domin shugabannin Seminol na jahar sun ce da yardarsu ake amfani da sunansu. Ita kuwa Dakota ta Arewa kotu ta nufa. A sulhun 2007 aka ba ta shekara 3 ta samo yardar al'ummomin Siyu biyu: mutanen Spirit Lake suka yarda da ƙuri'a a 2009, majalisar Standing Rock ba ta yarda ba.

Sai ƴan siyasa suka shigo. A 2011 majalisar jahar ta yi dokar da ta tilasta riƙe sunan, ta soke ta cikin shekarar, da ta ga ƴan wasa ne za su sha wahalar takunkumin. A watan Yuni na 2012 aka koma ga masu zaɓe, wajen kashi biyu cikin uku suka amince a ajiye sunan.

Daga nan ne aka bi hanyar da ta kamata tun farko. An bar makarantar ba laƙabi har 2015 don zukata su huce. Aka kafa kwamiti, kowa ya aiko da shawararsa, aka tace har saura sunaye 5. Ɗalibai, malamai, ma'aikata, tsofaffin ɗalibai da masu ba da gudummawa suka jefa ƙuri'a zagaye 3. A watan Nuwamba na 2015 "Shahunan Yaƙi" ya yi nasara.

Wannan hanya ma ba ta rasa aibi ba. Mutane da dama sun so a ci gaba da amsa sunan jahar kawai, ba wani laƙabi, amma aka cire wannan zaɓi daga takardar ƙuri'a. Shi ya sa bayan zaɓen ma aka ci gaba da jin tsohon sunan a bakin ƴan kallo. Wanda ya tsara jerin da za a zaɓa, rabin zaɓen yana hannunsa tun ba a buɗe akwati ba.

Ku dubi lissafin: shekara 10 daga takunkumi zuwa sabon suna. Dukiyar attajiri ba ta kashe maganar ba, dokar majalisa ba ta kashe ta ba. Abin da ya raba Florida da Dakota shi ne yardar masu sunan, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan.

Saboda haka, duk wanda aka ɗora wa zaɓen tambarin wata makaranta, ya fara da tambayar waɗanda za a ɗauki sunansu ko tarihinsu. Ya bayyana tun farko wa zai yi zaɓe, wa zai tace sunaye, kuma bisa wace ƙa'ida. Mai ba da gudummawa a gode masa, amma ƙuri'arsa ɗaya ce kamar ta ɗalibi.