Ka ɗaga motarka? Ga maganar hannun ƙafar gaba

Shirinmu na direbobi da makanikai a wannan karon ya leƙa Nombakélé a Libreville, ƙasar Gabon, dab da kasuwar Mont-Bouët, inda 'yan kasuwarmu ke ɗaure kaya su kama hanyar arewa: Kango, Bifoun, Ndjolé, Mitzic, Oyem, har Bitam kusa da iyakar Kamaru. Ruwan da ke sauka a Libreville a shekara ya haura milimita 2,500, wato fiye da ninki biyu na abin da Kano ke samu, kuma daga Oktoba zuwa Mayu ba ya ɗaga ƙafa sosai. Da ka sauka daga kwalta, jan taɓo ne da ramukan da manyan motocin katako suka haƙa. Shi ya sa mai Hilux ko Prado yake ɗaga motarsa. To, bayan ɗagawar sai makanike ya ce a sauya hannun sama. Shin gaskiya ya faɗa, kuma wanne za ka saya?

Da farko mu daidaita suna. Ƙarfen nan mai siffar gwafa da ke riƙe ƙafar gaba ta sama, a nan da Nijar ana ce masa tiriyangil. A bakinsa akwai gaɓa mai juyawa, wadda a nan ake cewa rotil, a Kano kuma boljoyin. A gindinsa akwai robobi biyu, silambulok ko bushin.

Kafin ka taɓa aljihu, durƙusa ka duba ƙarƙashin motar. In Land Cruiser 79 ce, wannan magana ba taka ba ce, domin gabanta sanda guda ce da ta haɗa ƙafafu biyu, ba ta da hannun sama. Ita in an ɗaga ta, bushin masu gyara kwana ake sa wa dogayen hannayenta, ko a sauya hannayen. Masu hannun sama su ne irin Hilux daga 2005 zuwa yau, da Fortuner, da Prado 120 da 150, da Land Cruiser 200, waɗanda kowace ƙafa ke hawa da sauka ita kaɗai.

Abin da ke faruwa in ka sa doguwar sifirin shi ne, hannayen sun rusuna ƙasa tun motar tana tsaye. Rotil ɗin ya karkace, saura kaɗan ya kai ƙarshen juyinsa. Ƙafa ta faɗa rami, sai ya tuƙe, ko hannun ya daki sifirin, ka ji ƙwas. Sannan akwai wani kwana da ido ba ya gani. Dubi ƙafar gaban babur, ai ba a tsaye cak take ba, samanta ya kwanta baya. Wannan kwanciyar ce ke sa kan babur ya miƙe da kansa. Mota ma tana da shi, kuma ɗagawa tana rage shi. Alamar ita ce sitiyari ya yi sakayau, mota tana yawo a kan kwalta, in ka sha kwana ba ta komowa da kanta.

In ɗagawar ba ta wuce santimita 5 ba, yawanci hannun Toyota na asali ya isa. Kai ta wurin masu saitin ƙafa da na'ura, su murza kusoshin saiti na hannun ƙasa, su nuna maka lamba a takarda. In saiti ya shiga kuma ba ka ga tabon duka a jikin sifirin ba, riƙe kuɗinka ka sayi taya mai kyau. Daga santimita 5 zuwa 7 ne maganar sabon hannu take tasowa da gaske.

A nan kasuwa ta kasu biyu. Akwai hannu mai rufaffen rotil, da robarsa da giris a ciki, kamar na asali, sai dai an lanƙwasa ƙarfen ya kauce wa sifirin, an kuma gyara zaman rotil ɗin don tsayin da aka ƙara. Irinsa ne Old Man Emu da Ironman na Ostareliya ke yi. Na SPC daga Amurka ma rufaffe ne, kuma ana iya matsar da rotil ɗinsa gaba ko baya, abin da ke taimakawa in babbar taya tana gogar jikin mota. Amma yana son makanike mai haƙuri, don goron saman nan in bai ɗauru yadda kamfani ya ce ba, saiti zai gudu.

Ɗaya kuma shi ne mai buɗaɗɗen ƙwallo, yunibol, irin na Total Chaos da Camburg. Ƙwallon ƙarfe ne tsirara a cikin kofi mai santsi. Yana da ƙarfi, yana ba ƙafa damar sauka sosai, kuma shi ne ya fi kyau a hoto a Facebook. Amma fa don tseren hamadar Kaliforniya da Meziko aka yi shi, inda ake wanke mota a duba ta bayan kowace fita. Kai kuwa za ka tsoma shi a taɓon hanyar Makokou wata takwas a shekara. Ruwa da yashi su shiga, ya fara ƙara, ya soma wasa, kuma sabon ƙwallon sai ka yi oda daga waje ka jira jirgi. Wallahi a ganina, ga mai neman abinci da motarsa a Gabon, wannan sayen wahala ne. Ɗan Agadez mai bin rairayi ma sai ya yi tunani, balle kai.

Maganar bushin gajera ce. Na roba ba ya ƙara, ba ya neman giris. Mai tauri, mai launin ja ko rawaya, yana riƙe saiti da kyau amma in giris ya wanke sai ya dinga kuka kamar tsohuwar ƙofa. Shi kuwa ƙarfen, na alminiyom ba ya tsatsa a iskar gishiri ta bakin teku, sai dai in ya tsage a daji ba kowane mai walda ne zai iya masa ba. Na baƙin ƙarfe ana iya ɗinke shi ka lallaɓa zuwa gari, ka sauya, ba wai ka ci gaba da lodi a kansa ba.

Tambayi mai sayarwa abu biyu: hannun nan na wane tsayi ne, kuma in rotil ya mutu, ana cire shi a sa wani, ana samunsa a Libreville ko Duwala? In ya fara kame-kame, ko kwalin babu lambar kaya, bar masa abinsa. Rotil na jabu in ya fita a kan gudu, ƙafar gaba kwantawa take yi, da kai da yaran mota da kayan mutane a baya.

Kada kuma a yaudare ka cewa sabon hannu zai hana robar shaf yagewa. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ƙafar gaba shi ma ya karkace saboda ɗagawar, maganinsa daban ne, ko dai a sassauko da gidan giyar gaba kaɗan, ko a rage tsayin.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a gareji. In bushin na roba ne, a sauke motar daga jak, nauyinta ya zauna a kan tayoyi, sannan a matse dogon kusan hannun. In aka matse shi ƙafa na lilo, robar za ta murɗe ta yage tun ba a je ko'ina ba. Daga nan kai tsaye wurin saiti, kuma bayan tafiyar farko zuwa Oyem da komowa, a sake bin kusoshin da sifana.