Ƙofa da Guga: Jawabi a Kan Ɗebo Shafukan Intanet ta Hannun Wakili



Batun da aka ɗora mana yau shi ne yadda ɗalibi zai sa kwamfuta ta ɗebo masa shafukan intanet ta hannun wakili, watau furoksi. To, da yake a Katsina muke, ba sai mun je nesa neman misali ba. Sunan Ƙofar Guga ya ishe mu, gama ga ƙofa a cikinsa, ga kuma guga.

Gugan shi ne ɗan jerin umarnin da ɗalibi kan rubuta, a ce da harshen Python, don ya aiki kwamfuta. Mai nazarin Hausa da ke bukatar labaran jarida dubu ba zai zauna yana buɗe su ɗai-ɗai ba. Sai ya zura gugansa, ya bar shi yana jawowa har gari ya waye.

Ƙofar kuwa ita ce wakili. Zamanin da ganuwa ke tsaye, falke ba ya haura ta. Ta gaban Sarkin Ƙofa yake bi. Haka nan a makarantu da yawa, kwamfutoci ba su fita kai tsaye, sai ta wata kwamfuta guda da ke karɓar saƙo, ta kai, ta komo da amsa. Saboda haka wajibi ne a faɗa wa guga adireshin wakilin da lambar mashigarsa, galibi 8080, ko 3128 in manhajar Squid ce. In aka ga lamba 407, wakili ne ke neman suna da kalmar sirri. In kuwa 429 ce, mai shafin ne ke cewa an matsa masa.

A nan ne amana ta shigo. Mai shafi ba ya ganin ɗalibi, adireshin ƙofa kaɗai yake gani, don haka laifin mutum guda yakan hau kan jama'a. A 2010, Aaron Swartz ya sa gugansa ya kwaso miliyoyin maƙalu daga taskar JSTOR ta layin Jami'ar MIT a Amurka, har masu taskar suka toshe jami'ar baki ɗaya na 'yan kwanaki. Wake ɗaya ke nan ya ɓata gari.

Akwai kuma ƙofar da ba ta makaranta ba. Sa'ad da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, mutane da yawa sun zagaya ta kwamfutocin ƙasashen waje. Mun san amfanin wannan, amma lalle mu tuna mai tsaron ƙofa yana ganin mai wucewa. In adireshin shafi ya fara da http kawai, wakili na iya karanta saƙon, har ya sauya shi. In https ne, kayan a ɗaure suke, amma duk da haka ya san gidan da muka nufa. Wakilin kyauta da ba mu san mai shi ba, kada mu yarda kalmar sirrinmu ta bi ta hannunsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Shawararmu ga ƙungiya guda uku ce. Mu duba robots.txt, ƙa'idar da ake bi tun 1994, inda mai shafi kan bayyana wuraren da bai yarda guga ya shiga ba. Mu sa ɗan jinkiri tsakanin zurawa da zurawa, mu kuma adana abin da muka ɗebo don kada mu maimaita. Sannan kada mu rubuta kalmar sirri a jikin umarnin da za mu ba abokai aro.

Ilmi dai ga shi nan a rijiya, kuma ƙannenmu na tafe da nasu ƙishirwar. Kada a wayi gari a ce rijiya ta bayar, guganmu ya hana. Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.