Siminti Ba Bushewa Yake Yi Ba

Iyayenmu da 'yan'uwa mazauna Sabo, tunda mun ɗaura niyyar ginin Islamiyya, ya kamata mu san abin da muke saye da kuɗin jama'a.

Simintin nan asalinsa dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake haƙowa a Ewekoro. Ana niƙa shi tare da yumɓu, a gasa a wuta mai zafin digiri 1,450. Wutar ce ke korar iskar da ke cikin dutsen, ta bar shi da ƙishirwa. In ya samu ruwa sai ya haɗe da shi, ya sake zama dutse. Ashe ba bushewa yake yi ba, sha yake yi.

Shi ya sa bulon da aka yasar a rana ba ban-ruwa yake marmashewa a hannu. Mu shayar da namu safe da yamma, kwana 7 aƙalla.

Buhunan kuwa, da damshin ƙasar Yarabawan nan, a ɗora su bisa katako. Wanda ya daskare ya riga ya sha ruwansa. Ko birkila ya ce zai farfasa shi, kada mu yarda ya shiga bangon ajin 'ya'yanmu.